Muguwar manhajar da ke ɓuya a kwamfuta: tambayoyi da amsoshi kan gano ta da fitar da ita

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu amfani da kwamfuta suka fi yi idan suka fara zargin akwai wani abu a cikin na'urarsu. Galibin amsoshin sun shafi Windows, domin ita ce a hannun yawancinmu, a ofis da makaranta da shagon buga takardu.

Kwamfutata lafiya lau take aiki. Me zai sa in yi zargin akwai wani abu a cikinta?

Saboda muguwar manhaja ta yanzu ba ta son ka san tana nan. A da, bairos ɓarna yake yi a fili: ya goge fayiloli, ya hana kwamfuta tashi, kowa ya gani. Yanzu harkar ta koma neman kuɗi, kuma wanda ke kwashe kalmomin sirrinka ko yake amfani da na'urarka wajen haƙar kuɗin kirifto ba shi da wata riba idan ta lalace. Muradinsa ta ci gaba da aiki sumul, kai kuma hankalinka kwance.

A watan Mayu na 2025 kamfanin Microsoft ya sanar cewa cikin wata biyu kacal ya gano kwamfutocin Windows fiye da 394,000 a duniya da suka kamu da wata manhajar sata mai suna Lumma. Aikinta kwashe kalmomin sirri da bayanan katin banki da ke ajiye a burauza, kuma tana gamawa cikin ɗan lokaci ba tare da kwamfutar ta nuna ko gezau ba. Don haka aiki lafiya ba shaida ba ce ta tsabta. Ba ina nufin ka zauna cikin fargaba ba. Ina nufin ka daina auna lafiyar kwamfuta da saurinta kaɗai.

Ta yaya manhaja za ta ɓuya har antibairos ya kasa ganinta?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, domin wanda ya fahimci amsarta ya fahimci dalilin duk matakan da ke gaba.

Antibairos ba ya leƙa rumbun ajiyar kwamfuta da idonsa. Tambayar Windows yake yi: waɗanne fayiloli ne a wannan folda, waɗanne manhajoji ne ke gudana yanzu? Windows ta ba shi jeri, shi kuma ya duba jerin. To, akwai nau'in muguwar manhaja da ake kira rutkit, wadda ke shiga tsakanin mai tambaya da mai amsa. Duk lokacin da aka nemi jerin, sai ta cire sunanta da sunan abokan aikinta kafin jerin ya iso. Kamar ɓarawon da ya saye maigadi ne: ka tambayi maigadin ko wani ya shigo, ya ce maka babu kowa, alhali mutumin yana cikin ɗaki. Ko sau nawa ka maimaita tambayar, amsar ɗaya ce.

Abin da ya fito da wannan dabara fili ga jama'a ya faru ne a 2005, kuma ba daga hannun 'yan damfara ba. Kamfanin waƙoƙi na Sony BMG ya saka wata manhaja a faya-fayan CD ɗinsa don hana kwafar waƙa. Da zarar an saka faifan a kwamfuta aka amince da sharuɗɗan da ya nuna, manhajar sai ta shige ta ɓoye duk fayil ɗin da sunansa ya fara da $sys$. Wani masani mai suna Mark Russinovich ne ya gano ta a kwamfutarsa a ƙarshen Oktoba na shekarar. Ba a jima ba masu ƙirƙirar bairos suka fara sa wa nasu fayilolin irin wannan suna don su raɓe a inuwarta. Dole kamfanin ya janye faya-fayan daga kasuwa, ya kuma fuskanci ƙararraki a kotunan Amurka.

Ɓuyar tana da zurfi hawa-hawa. Wata tana zama a matakin manhajoji na yau da kullum, ita ce mai sauƙin kamawa. Wata tana shiga cikin zuciyar Windows ɗin a matsayin direba, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa Windows da sassan na'ura, inda take da iko daidai da na antibairos ko fiye. Wata kuma, kamar TDL4 da ta addabi mutane a wajen 2010 da 2011, tana zama a sashen rumbu da kwamfuta ke fara karantawa idan an kunna ta, wato tana tashi tun kafin Windows ta tashi. Duk wanda ya riga tashi, shi ke juya wanda ya biyo baya.

Ta ina take shigowa?

A wajenmu babbar ƙofa ita ce manhajar da aka fasa, wato wadda aka karya mata makullin lasisi don a yi amfani da ita kyauta. CorelDRAW, Photoshop, Microsoft Office, wasanni, da ƙananan manhajojin da ake cewa suna "kunna" Windows kyauta. Ka lura da umarnin da ke zuwa tare da su: kashe antibairos tukuna, sannan ka buɗe fayil ɗin da ikon mai kula da na'ura. Wato da hannunka ka kori mai tsaro, da hannunka ka miƙa cikakken iko ga abin da ba ka san wanda ya haɗa shi ba. Na san lasisin waɗannan manhajoji yana da tsada ga ɗalibi ko mai ƙaramin shago, kuma ba na raina wannan matsalar. Amma LibreOffice da Inkscape da GIMP kyauta suke ta halal, kuma suna biyan buƙatar mutane da yawa.

Ƙofa ta biyu filash ne da ke yawo daga shago zuwa shago. Kada a raina shi: muguwar manhajar Stuxnet, wadda aka gano a 2010 bayan ta lalata injinan tace yuraniyom a Natanz ta ƙasar Iran, an ƙera ta ne don ta bi filash ta isa na'urorin da ba su haɗe da intanet.

Sai maƙale-maƙalen imel da na WhatsApp masu kama da rasit ko takardar ɗaukar aiki. Sai kuma wata sabuwar yaudara da ta yaɗu tun 2024: ka shiga wani shafi, ya ce ka tabbatar kai mutum ne, ya umarce ka da ka danna maɓallin Windows da R, sannan Ctrl da V, sannan Enter. Shafin ya riga ya kwafa wani umarni a ɓoye, kai ne kake liƙa shi kake zartarwa. Babu shafin gaskiya da zai nemi haka. Ka rufe shi nan take.

Waɗanne alamu zan lura da su?

Fankar kwamfuta tana ƙugi tana zafi alhali ba ka komai, amma da ka buɗe Task Manager, tagar da ke nuna manhajojin da ke gudana, sai ta lafa. Wasu manhajojin haƙar kirifto an koya musu su dakata idan suka ga an buɗe shi. Data tana ƙarewa ba gaira ba dalili. Windows Security ya ƙi buɗewa, ko ka kunna shi ya sake kashe kansa. Sabunta Windows ya ƙi yiwuwa. Shafukan kamfanonin antibairos sun ƙi buɗewa alhali sauran shafuka suna buɗewa. Baƙar taga tana ɓullowa ta ɓace cikin ƙiftawar ido duk lokacin da aka kunna na'ura. Burauza ta sauya shafin bincikenta da kanta.

Alamar da ta fi ƙarfi sau da yawa ba a kwamfutar take bayyana ba. Abokai su ce ka turo musu saƙon da ba ka tura ba, ko Google ya sanar da kai an shiga asusunka daga wata ƙasa, ko Facebook ɗinka ya fara tallar abin da ba ka sani ba.

Jinkiri shi kaɗai ba hujja ba ne. Tsohon rumbu, ƙarancin RAM da ƙurar da ta toshe fanka sun fi bairos yawan jawo shi.

Na yi zargi. Me zan fara yi yanzu-yanzu?

Raba ta da intanet. Kashe Wi-Fi, zare igiyar intanet, kashe hotspot. Kada ka sake shiga banki ko imel a kanta. Cire duk filash ko rumbun waje da ke jikinta, kuma kada ka kai su wata kwamfutar kafin a duba su. Idan ta ofis ce, sanar da mai kula da na'urori kafin ka taɓa komai, domin mai yiwuwa ba ita kaɗai ta kamu ba.

To yaya zan bincika, tunda abin yana ɓuya?

Ka bincika daga waje, a lokacin da Windows ɗin da ta kamu ba ta gudana. Muguwar manhajar da ba ta tashi ba ba za ta iya ɓoye kanta ba. Fayil ce kawai a kwance a rumbu.

Hanya mafi sauƙi tana cikin Windows 10 da 11. Buɗe Windows Security, shiga Virus & threat protection, danna Scan options, zaɓi binciken Microsoft Defender (antibairos ɗin da ke zuwa da Windows) mai ɗauke da kalmar Offline, sannan Scan now. Kwamfutar za ta mutu ta tashi cikin wani ƙaramin tsari na daban, ta yi binciken kamar minti 15, ta sake tashi. Sakamakon yana ƙarƙashin Protection history. Ka jona caji kafin ka fara, kuma idan rumbunka a kulle yake da BitLocker, makullin rumbu na Windows, ka tanadi lambar buɗe shi a kusa, don ana iya tambayarka ita. Zai fi kyau a bar Defender ya sabunta bayanansa kafin binciken, ko da za a haɗa intanet na 'yan mintuna don wannan kaɗai.

Idan Windows Security ɗin ma ya ƙi buɗewa, sai ka nemi wata kwamfuta mai tsabta, ka sauko da Kaspersky Rescue Disk daga shafin kamfanin, ka rubuta shi a kan filash, ka tayar da mara lafiyar daga filash ɗin. Manufar ɗaya ce.

Bayan wannan sai ka nemi ra'ayi na biyu. Malwarebytes na kyauta ko Microsoft Safety Scanner duk suna yi. Na biyun yana daina aiki kwana 10 bayan sauko da shi, don haka kullum sabo ake ɗaukowa. AdwCleaner kuma ya ƙware wajen share tarkacen talla da ke maƙalewa a burauza.

Akwai wani lungu da kusan kowa ke mantawa. A cikin Virus & threat protection, shiga Manage settings, gangara zuwa Exclusions. Nan ne jerin wuraren da aka ce wa Defender kada ya duba. Muguwar manhaja tana yawan rubuta foldarta a nan, wani lokaci ma ta rubuta rumbun C gaba ɗaya. Idan ka tarar da abin da ba kai ka sa ba, cire shi, ka sake bincike daga farko. Mutum zai iya yin wata da watanni yana bincike ana ce masa babu komai, alhali an hana mai binciken leƙa inda abin yake.

Wanda hannunsa ya ɗan faɗa zai amfana da Autoruns, manhajar kyauta daga shafin Microsoft. Tana baje duk abin da ke tashi tare da Windows, har da ayyukan da aka tsara su riƙa gudana lokaci-lokaci. Ka ɓoye na Microsoft, ka kunna duba VirusTotal, shafin da ke gwada fayil da antibairos masu yawa, sai ka zuba ido kan duk abin da ba shi da sunan kamfani, ko yake zaune a foldar AppData ko Temp da suna marar ma'ana. Cire alamar da ke gefensa ya fi gogewa, don idan ka yi kuskure za ka iya mayarwa.

Filash ɗina duk fayilolin sun koma gajerun hanyoyi masu ƙaramar kibiya. Sun tafi ke nan?

Ba su tafi ba, kuma don Allah kada ka yi gaggawar yi masa fomatin. Duk wanda ya taɓa kai takarda bugawa a shagon kwamfuta kusa da makaranta ya san wannan ciwo. Bairos ɗin yana ɓoye fayilolinka na ainihi ne, ya ajiye gajerun hanyoyi masu sunayensu. Idan ka danna ɗaya, yakan buɗe maka fayil ɗinka don kada ka farga, amma a lokaci guda ya dasa kansa a kwamfutar.

Kada ka danna ko ɗaya. A kwamfuta mai tsabta mai sabon antibairos, fara da bincikar filash ɗin. Sannan ka buɗe Command Prompt ka rubuta wannan, kana sauya E da harafin filash ɗinka:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Fayilolin za su bayyana, wani lokaci a cikin wata folda marar suna. Goge gajerun hanyoyin da duk baƙon fayil mai ƙarewa da .vbs ko .js ko .exe da ba kai ka sa ba. Kwashe takardunka, sannan ka yi wa filash ɗin fomatin. Amma ka tuna: idan kwamfutarka ta riga ta kamu, duk filash da ka soka mata zai sake kamuwa. Ita ce za a fara yi wa magani.

In saka antibairos biyu ko uku don ƙarin tsaro?

A'a. Biyu masu gadi a lokaci guda suna karo da juna, su nauyaya na'ura. Guda ɗaya da ake sabuntawa ya isa, kuma Defender da ke zuwa da Windows yana da kyau. Wanda ya fi kowanne haɗari shi ne antibairos da aka fasa, ko wanda lasisinsa ya ƙare shekara biyu da suka wuce yana nan zaune ya hana Defender aiki.

Antibairos ya ce ya cire. Shi ke nan na huta?

Da sauran aiki, kuma a ganina wannan ne inda mutane suka fi yin asara. Cire manhajar ba ya dawo da abin da ta riga ta aika. Ka ɗauka cewa duk kalmar sirrin da ke ajiye a burauzar, da duk wadda ka rubuta tun lokacin da ta kamu, tana hannun wani.

Ɗauki wata na'ura mai tsabta, ko da wayarka ce, ka fara da imel, domin ta imel ake sake saita sauran asusun. Sauya kalmar sirri, kunna tabbatarwa mai mataki biyu, sannan ka nemi wurin da ke nuna na'urorin da ke cikin asusun ka fitar da su duka. Wannan mataki na ƙarshe wajibi ne, saboda manhajojin sata suna kwashe har da 'yan fayilolin da burauza ke ajiyewa don tuna cewa ka riga ka shiga, kuma da su ɓarawo yana iya shiga ba tare da kalmar sirri ba. Duba ko an saita imel ɗin ya riƙa tura kwafin saƙonninka wani adireshi. Duba na'urorin da ke haɗe da WhatsApp ɗinka. Idan ka taɓa ajiye katin banki a burauzar, sanar da bankinka a toshe shi. Mai jakar kirifto kuma ya buɗe sabuwa ya mayar da kuɗinsa can.

Yaushe ne ya kamata in haƙura in sake zuba Windows?

Idan bincike ya ambaci rutkit ko ƙofar baya (backdoor, wato ɓoyayyar hanyar da ke ba wani damar shiga kwamfutarka), ko abin ya dawo bayan an cire shi, ko kuma kana harkar kuɗi a kan kwamfutar. A irin wannan hali shawarata ɗaya ce: a goge a sake. Manhajar da ta sami cikakken iko tana iya yin sauye-sauyen da babu mai binciken da zai lissafa su duka, kuma sau da yawa ita ma takan jawo wasu. Kwana uku na farauta ba za su ba ka tabbacin da sake zubawa na awa biyu zai ba ka ba.

Yadda za a yi shi daidai: kwafi takardu da hotuna da bidiyo kaɗai zuwa rumbun waje. Kada ka kwafi manhajoji ko fayilolin saka manhaja, musamman foldar nan ta fasassun kaya, don galibi daga can ciwon ya fito. A kwamfuta mai tsabta, sauko da Media Creation Tool daga shafin Microsoft, ka haɗa filash mai aƙalla 8GB. Tayar da kwamfutar daga filash ɗin, idan ka iso wurin zaɓar inda za a zuba, goge duk ɓangarorin rumbun da Windows ke kai, ka zuba a sarari. Kammala sabuntawa tukuna, sannan ka binciki rumbun wajen kafin ka mayar da kayanka. System Restore, wanda ke mayar da Windows yadda take a wata rana ta baya, ba ya maye gurbin wannan.

An ce akwai wadda ko fomatin ba ya kashe ta. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, amma ba kasafai ba. A 2018 kamfanin ESET ya bayyana LoJax, wadda ke zama a cikin ƙwaƙwalwar babban allon cikin kwamfuta (motherboard), inda tsarin UEFI ko BIOS mai tayar da na'ura yake, ta yadda ko an sauya rumbu tana nan. An yi amfani da ita ne a kan hukumomin gwamnati a wasu ƙasashen Turai. Irin wannan makami ba a cika ɓata shi a kan ɗalibi ko ɗan kasuwa ba. Abin da ke wuyanka shi ne ka bar Secure Boot, saitin da ke tantance abin da ke tashi kafin Windows, a kunne, ka kuma sabunta BIOS daga shafin kamfanin da ya ƙera na'urar. Idan ciwo ya dawo bayan fomatin, kusan kullum dalilin yana kusa: an mayar da tsohuwar fasasshiyar manhaja, ko an soka tsohon filash, ko Windows ɗin da aka zuba ita kanta gurɓatacciya ce.

Fayilolina sun ƙi buɗewa, an bar saƙo ana neman kuɗi.

Wannan manhajar garkuwa da fayiloli ce don neman kuɗin fansa, kuma cire ta ba ya buɗe fayilolin. Kada ka goge su, kuma kada ka yi saurin biya, don babu tabbacin za a ba ka mabuɗi. Shafin No More Ransom, wanda hukumar Europol da 'yan sandan Holan da kamfanonin tsaro suka kafa a 2016, yana da mabuɗan kyauta na nau'o'i da dama. Idan naka bai fito ba, adana kullallun fayilolin a rumbun waje; akan saki mabuɗi daga baya. Ka yi hattara da masu cewa za su buɗe maka idan ka tura kuɗi.

Har yanzu Windows 7 nake amfani da ita. Akwai matsala?

Akwai. Microsoft ya daina toshe ramukanta tun 14 ga Janairu 2020, Windows 10 ma tallafinta na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. Manhajar neman fansa ta WannaCry, wadda ta bazu a ƙasashe fiye da 150 a watan Mayu na 2017 har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, ta bi ta ramin da aka riga aka fitar da abin toshe shi tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba ne suka kamu. Idan na'urarka ba za ta ɗauki Windows 11 ba, Linux Mint, wani tsari da ake zubawa a madadin Windows, tana tafiya da kyau a kan tsofaffin kwamfutoci, kuma kyauta ce.

Ba zan iya duk wannan da kaina ba. Me zan faɗa wa mai gyara?

Kai masa, babu laifi, akwai masu gyara na ƙwarai. Amma ka sauya kalmomin sirrinka daga wata na'ura tun kafin ka fita daga gida, kuma ka kwashe hotunan iyali da takardun sirri idan da hali. Ka tambaye shi daga ina Windows ɗin da zai zuba ta fito, ka ce ta shafin Microsoft kake so, ba wadda aka yi wa kwaskwarima ba. Yawancin kwamfutocin da suka zo da Windows daga kamfani lasisinsu yana cikin babban allon da ke cikinsu, da an haɗa su da intanet suke kunna kansu, don haka ba sa buƙatar wata manhajar kunnawa. Ka gaya masa kada ya cika maka ita da fasassun manhajoji a matsayin kyauta. Kafin ka biya, buɗe Windows Security a gabansa ka ga komai kore ne, ka leƙa Exclusions ka tabbatar babu komai a ciki, sannan ka danna Windows Update ka ga ya fara sauko da sabuntawa.